Babur ɗin ƙanƙara: tambayoyi da amsoshi ga mai shirin saye

Da zarar watan Nuwamba ya kama a Kanada da arewacin Amurka, dusar ƙanƙara ta fara kwanciya, sai zancen babur ɗin ƙanƙara ya taso a tsakanin 'yan uwanmu da aiki ko karatu ya kai su can. Wani likita ne da aka tura ƙaramin gari a arewacin Manitoba, wata ma'aikaciyar jinya ce a Yellowknife, wani kuma ɗalibi ne da abokai suka goya shi sau ɗaya ya dawo da niyyar saye. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa muka haɗa su wuri guda. Kafin a shiga ciki, ga abin da ya fi komai: irin dusar da ke ƙofar gidanka da aikin da za ka sa babur ɗin su ne za su zaɓa maka, ba hoton da ka gani a talla ba.

Wane irin abin hawa ne, kuma me ya hana shi nutsewa?

Ba shi da taya ko ɗaya. A gaba yana da takalman zamiya guda biyu, su kan babur yake juyawa. A baya kuma sarƙar roba ce mai faɗi, mai haƙora, inji yana juya ta tana kama dusa tana tura shi gaba. Faɗin sarƙar ne yake baza nauyin babur da na mahayi, shi ya sa yake wucewa ta inda mai tafiya da ƙafa zai lume har gwiwa. A yawancinsu babu canjin giya. Totur da babban yatsan dama ake danna shi, birki yana hannun hagu, kuloci biyu da bel a tsakaninsu su suke daidaita gudu da kansu.

Lalura ce ta haifar da shi. Joseph-Armand Bombardier bakanike ne a ƙauyen Valcourt na lardin Kebek. A sanyin 1934 ƙaramin ɗansa ya rasu saboda dusa ta toshe hanyar asibiti. A 1937 ya fito da motar ƙanƙara mai ɗaukar mutum bakwai, a 1959 kuma ƙaramin babur ɗin Ski-Doo ya shiga kasuwa. Ba a daɗe ba mafarautan ƙabilar Inuit na arewacin Kanada da makiyayan Sami na arewacin Finlan da Norwe suka rungume shi, har yau kuma a wurinsu kayan aiki ne.

Ina bukatarsa da gaske, ko sha'awa ce kawai?

Ya danganta da inda kake zaune. A Nunavut, yankin can ƙuryar arewacin Kanada, babu titin da ya haɗa wani gari da wani. A can da babur ɗin ƙanƙara ake zuwa farauta da kamun kifi, a ɗaura masa dogon abin jan kaya na katako da suke kira qamutiik, kuma ana hawansa har watan Mayu. Mazaunin Toronto kuwa sai ya ɗora shi a tirela ya nausa arewa kafin ya sami hanyar da aka buɗe, ga shi akwai shekarun da sanyi yake yin rowa, a yi 'yan makonni kawai dusa ta narke.

Sha'awa ba laifi ba ce. Amma kafin ka zuba kuɗi, ka yi haya. Wuraren yawon buɗe ido da yawa a Kebek da Ontariyo da Lapland ta arewacin Finlan suna bayar da haya tare da ɗan jagora da kayan sanyi. Wuni ɗaya a kan babur, iska tana dukan ƙirjinka, babban yatsanka ya ƙage a kan totur, zai gaya maka gaskiyar da dila ba zai faɗa ba.

Iri nawa ne, kuma wanne ya dace da ni?

Nan ne yawancin masu saye suke yin kuskure, don haka bari mu tsaya a kai.

Akwai na hanya. An ƙera shi don hanyoyin da ƙungiyoyin mahaya suke dannewa da inji su daidaita. Sarƙarsa gajera ce, inci 129 zuwa 137, haƙoranta gajeru, wajen inci ɗaya da kwata. Yana shan kwana da sauƙi, ba ya gajiyar da kafaɗa. Idan a kudancin Ontariyo ko Kebek ko Minesota kake, wannan ne naka. Ski-Doo MXZ da Polaris Indy suna cikin wannan layi.

Akwai na dutse, irin su Ski-Doo Summit da Polaris RMK. Sarƙarsa doguwa ce, daga inci 154 har zuwa 175, haƙora kuma suna kai inci biyu da rabi zuwa uku. Gabansa siriri ne don a iya kwantar da shi gefe a jikin gangara, kuma a tsaye ake hawansa. Shi ne ya fi kyau a ido, shi ne kuma ya fi cutar da wanda ya saye shi ba a wurinsa ba. Ga dalili: yawancin injinan nan ba su da lagireto irin na mota. Ruwan inji yana bi ta wasu faifan ƙarfe a ƙarƙashin kujera, dusar da sarƙa take watsowa ita ce take sanyaya su. Ita dusar ce kuma take jiƙa dogayen robobin da sarƙa take zamewa a kansu. Ka ɗora babur ɗin dutse a kan hanya mai tauri, babu sako-sakon dusa, sai inji ya ɗau zafi, robobin su fara narkewa, dogayen haƙoran su riƙa ɓallewa. Na dutse na mutanen Revelstoke ne da Golden, a tsaunukan yammacin Kanada, da tsaunukan Alaska.

Tsakanin waɗannan biyu akwai mai raba ƙafa, sarƙa inci 141 zuwa 146, ga wanda yake bin hanya amma yana son ya riƙa ratsewa cikin fili ko kan tafki.

Sai na aiki, wanda a ganina 'yan uwanmu da ke arewa mai nisa suka fi bukata amma suka fi raina shi. Faɗin sarƙar da aka saba inci 15 ne, na aiki kuwa yana kai inci 20, wasu ma 24. Yana da ƙaramar giya ta jan kaya, da ƙugiya a baya, da wurin ɗaure jarka da akwati. Ski-Doo Skandic da Expedition da Polaris Titan su ne misali. Nauyi gare shi, idan ya kafe mutum ɗaya zai sha wuya kafin ya fito da shi, amma da wuya ya kafe.

Na ƙarshe shi ne na yawo, mai kujerar mutum biyu da majingina da babban gilashin tare iska.

Inji mai bugu biyu ko mai bugu huɗu?

Wanda ya taɓa riƙe tsofaffin baburan nan da ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur ya riga ya san mai bugu biyu: ba nauyi, ga zafin nama, amma yana ƙona mai yana tafiya. Na ƙanƙara yana da tankin mansa daban, kuma man na musamman ne, ba shi da araha. Na zamani irin su Rotax E-TEC, injin da ake sa wa Ski-Doo, sun rage hayaƙi da shan mai ƙwarai, sai dai har yanzu fistan ɗinsu yana riga na mai bugu huɗu gajiya.

Mai bugu huɗu ya fi nauyi, ya fi shiru, ya fi tsawon rai, juyen mai sau ɗaya a shekara ya ishi yawancin mutane. A kan dutse kowane kilo yana da muhimmanci, don haka can mai bugu biyu ne yake mulki. A kan hanya ko wajen aiki kuwa mai bugu huɗu ya fi kwanciyar hankali.

Abu ɗaya da mutanen arewa mai tsananin sanyi suke lura da shi: yawancin masu bugu biyu suna da igiyar tayarwa ta hannu, idan batir ya mutu a daji ka ja igiya ka dawo gida. Masu bugu huɗu galibi da batir kaɗai suke tashi. Akwai kuma tsohon salon inji mai fanka, wanda iska take sanyayawa, kamar 550 (lambar girman inji ce). Ba shi da ƙarfi sosai, amma bai damu da ƙarancin dusa ba, kuma kusan kowane bakanike a ƙauye ya san cikinsa.

Ƙarfin doki nawa ya dace da sabon shiga?

Ƙasa da abin da zuciyarka take so. Inji 850 mai bugu biyu yana ba da ƙarfin doki wajen 165, a jikin abin da bai kai rabin nauyin ƙaramar mota ba. Masu turbo suna kai 180. Irin wannan babur, ɗan dannawa kaɗan ya isa ya ɗaga takalman gaba sama, kuma da zarar sun bar ƙasa babu sauran juya kai. A Ontariyo iyakar gudu a hanyoyin babur ɗin ƙanƙara kilomita 50 ce a awa, a Kebek 70. To ina za ka kai doki 165?

Ga mai farawa, tsakanin doki 60 zuwa 95 ya wadatar. Rotax 600 ACE yana da wajen 62, 600 EFI yana da 85, 900 ACE kuma 95. Duk suna iya kai ka ko'ina a hanya, suna jan kaya, inshorarsu ta fi sauƙi, kuma idan ka tashi sayarwa ba sa daɗewa a hannu. Abokai za su ce nan da shekara za ka raina shi. Idan hakan ta faru, ka sayar ka sayi babba, lokacin kana da hannu. Asarar da za ka yi a cinikin ba ta kai ta karaya ba.

Wane kamfani ya fi?

Zaɓin ya ragu. Kamfanin BRP na Kebek shi yake ƙera Ski-Doo, shi ne kuma mai Lynx da ake ƙerawa a Rovaniemi ta Finlan. Polaris ya faro ne a garin Roseau na Minesota a 1954. Arctic Cat na garin Thief River Falls, shi ma a Minesota, ya shiga hannun kamfanin Textron a 2017, aka dakatar da ƙira na wani lokaci, sannan aka sayar da shi ga wasu masu zuba jari a 2025. Yamaha, wanda ya fara sayar da nasa a 1968, ya sanar a 2023 cewa zai fita daga harkar, samfurin 2025 shi ne na ƙarshe. Tsofaffin Yamaha masu bugu huɗu suna da suna wajen juriya, amma mai saye ya tambayi yadda zai riƙa samun kayan gyara.

Amsar gaskiya ita ce ka sayi wanda dilansa ya fi kusa da kai, wanda kuma maƙwabtanka suke hawa. Lokacin hawa gajere ne. Babur ɗin da ya kwana wata guda a gareji yana jiran wani ƙarfe daga nesa ya cinye maka kaso mai tsoka na shekarar.

Sabo ko na hannu? Kuma yaushe ake saye?

Sabo na manya da wuya ka same shi ƙasa da dalar Kanada 10,000, wasu na dutse da masu turbo kuwa sun haura 20,000. Kamfanoni suna buɗe odar samfurin shekara mai zuwa tun daga ƙarshen sanyi, ka ba da kafin alƙalami a lokacin, a kawo maka da kaka, sau da yawa da ƙarin garanti. Wani lokaci kuma dila yana da sabon samfurin bara da ya yi kwantai, a nan ake samun ragi mai kyau.

Ga babur na farko na fi son na hannu, ɗan shekara uku zuwa bakwai. Za ka kayar da shi, za ka goga shi da itace, gara hakan ta faru a kan wanda ya riga ya sauke farashi. Kasuwar na hannu tana yin sanyi a Maris da Afrilu, lokacin da mutane ba sa son neman wurin ajiya. A Nuwamba, da dusar farko ta sauka, kowa yana nema, farashi ya tashi.

Me zan duba a jikin na hannu?

Ka ce wa mai shi kada ya tayar kafin ka iso. Da ka zo, ka buɗe murfin gefe ka ɗora tafin hannu a kan inji. Idan da ɗumi, an riga an tayar, kuma tashi cikin sanyi shi ne abin da kake son gani da idonka.

A ɗaga bayan babur a jingine, ka riƙa juya sarƙa da hannu a hankali har ta zagayo. Kana neman haƙorin da ya ɓalle, tsagewa, ko zaren da ya fito a gefe. Sarƙa tana cikin abubuwa mafi tsada a jikinsa. Ka leƙa dogayen robobin da take zamewa a kansu, suna da layin da ke nuna iyakar cinyewa. Ka girgiza ƙananan ƙafafun da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya don jin boris. Ka kifa takalman gaba ka shafa ƙarfen da ke ƙasansu, idan ya shafe babu kaifi, babur ba zai sha kwana a kan ƙanƙara ba, amma wannan ƙaramin gyara ne.

Babban abu shi ne alamar karo. Ka koma nesa kaɗan ta gaba ka dubi takalman biyu, ko ɗaya ya ja baya. Ka dubi ƙarfen bodi a ƙarƙashin kujera, ko ya lanƙwashe ko ya yi ƙwarya-ƙwarya. Sabon fenti ko walda a inda ƙafafun gaba suke haɗuwa da bodi abin tambaya ne. Ka cire bel ka shafa fuskar kuloci, ta zama sumul babu rami. Idan mai bugu biyu ne, a auna matsin silinda, lambobin biyu su yi kusa da juna. Kujera mai nauyin ruwa, yashi a akwatin iska, tsatsa a kan wayoyi, waɗannan suna nuna ya taɓa faɗawa tafki. Irin wannan ko kyauta aka ba ka, ka yi tunani.

Kada ka manta da ɗumamar hannu da ribas. Ka kunna su ka tabbatar.

Takardu fa?

Lambar bodi tana buge a ƙarfen gefen dama. Ta dace da ta takardar rajista, sunan da ke takardar kuma ya zama na mai sayarwa. Ana satar waɗannan babura sosai. Sannan ka bincika ko akwai bashin banki a kansa, don a Kanada bashin yana bin babur ko da ya canja hannu. Kowane lardi yana da rajistar da ake duba wannan da kuɗi kaɗan, ta Kebek ita ce RDPRM. A rubuta takardar ciniki, kowa ya sa hannu.

Dila ya ce in riƙa biya wata-wata. In karɓa?

Wannan bashi yawanci da kuɗin ruwa yake zuwa, wanda da yawa daga cikinmu suke gudu saboda addini. Ko ba don haka ba, abin da za ka hau wata uku ko huɗu amma ka biya wata goma sha biyu, shekara biyar ko fiye, ba ciniki ne mai daɗi ba. Ka tara, ka sayi wanda aljihunka ya kai.

Bayan kuɗin babur, me kuma zai ci kuɗi?

Rajista, inshora, da izinin hanya na shekara. Hanyoyin nan 'yan sa kai ne suke kula da su, kuɗin izinin shi yake sayen man injin da ke danne dusa. A Ontariyo ƙungiyar OFSC ce, mai hanyoyi wajen kilomita 30,000, a Kebek FCMQ mai wajen 33,000, a Manitoba Snoman. Izinin ya fi araha idan aka saya da wuri, kafin sanyi ya shiga. Sai tirela ko a-kori-kura da gadar hawa.

Kayan sawa kuwa ba wurin tsumulmula ba ne. Hular kwano mai rufe fuska, in da hali mai gilashin da lantarki yake ɗumamawa don kada numfashi ya rufe maka gani. Riga da wando masu tare iska, takalmin sanyi, safar hannu mai tsawo. A jikin fata kada ka sa auduga, tana riƙe gumi, gumin ya huce a jikinka. Hukumar yanayi ta Kanada ta ce idan sanyi da iska suka kai tsakanin 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da ke waje tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. A kan babur kai kake ƙirƙirar iskar da gudunka.

Ana bukatar lasisi? Yara za su iya tuƙawa?

Kowane wuri da dokarsa. A Ontariyo lasisin mota ya isa, yaro daga shekara 12 kuma yana iya samun lasisi na musamman bayan kwas, amma ba zai tsallaka titi ba sai ya kai 16. A Kebek sai ɗan shekara 16. A Minesota duk mazaunin jihar da aka haifa bayan 1976 sai ya yi kwas ɗin kiyaye haɗari. Suwidin da Norwe suna da takardar tuƙi ta babur ɗin ƙanƙara daban. Ka duba ta inda kake kafin ka biya.

Zan iya goya maiɗakina ko yaro?

A kan wanda aka ƙera don mutum biyu kaɗai, mai kujerar baya da mariƙi. Idan da iyali za ka riƙa fita, tun farko ka nemi na yawo ko na aiki. Kada a zaunar da ƙaramin yaro a gaba tsakanin mahayi da kan babur, totur yana daidai hannunsa.

Na lantarki ya iso?

Ya iso, amma zangonsa gajere ne. Ski-Doo na lantarki yana yin wajen kilomita 50 a caji ɗaya. Ya dace da wurin shaƙatawa ko zagayen gida, bai dace da wanda zai shiga daji ba.

Idan zan bi ta kan tafki ko in hau dutse, akwai abin da zan ƙara saya?

Akwai, kuma ka lissafa shi cikin kuɗin babur tun farko. Ƙungiyar Red Cross ta Kanada ta ce kaurin ƙanƙara ya kai santimita 25 kafin babur ya hau. Ƙanƙara mai shuɗi garau ita ce mai ƙarfi, fara ba ta kai ta ba, mai launin toka kuwa akwai ruwa a cikinta. Bakin kogi da ƙarƙashin gada da duk inda ruwa yake gudu ba su da tabbas ko a tsakiyar sanyi. Mai bin tafki ya sayi riga mai sa mutum ya taso a ruwa, da ƙusoshin hannu biyu da ake ratayawa a wuya don jan jiki a fito.

A dutse abin tsoro shi ne zaftarewar dusa. A Disamban 2008 mahaya takwas 'yan garin Sparwood na lardin British Columbia suka rasu a rana ɗaya ta wannan hanya. Kowane mahayi ya ɗauki na'urar nemo wanda dusa ta binne, da sandar caka, da shebur, kuma a jikinsa za su kasance ba a kan babur ba. Ƙungiyar Avalanche Canada tana fitar da hasashen haɗari kullum, tana kuma da kwas na masu farawa. Ka yi kwas ɗin kafin ka sayi babur ɗin dutse.

Ina zan ajiye shi idan sanyi ya wuce?

Wuri busasshe mai inuwa. A zuba maganin hana fetur lalacewa, a cire batir, a sa giris, a ɗaga baya don sarƙa ta huta, a toshe bakin salansa da akwatin iska saboda ɓeraye. Kuma a kowane lokaci kada a bar shi yana aiki a rufaffen gareji, hayaƙinsa yana kisa.

Ranar da zan ɗauko shi, me zan nema kafin in bar wurin?

Makullai duka, littafin babur, jakar sifana, fulogi na ajiya idan mai bugu biyu ne, da bel na ajiya. Ka gwada igiyar da ake maƙalawa a riga, wadda take kashe inji idan mahayi ya faɗi: a tayar, ka fizge ta, inji ya mutu nan take. Sannan ka roƙi mai sayarwa ya cire bel ya mayar a gabanka, kai ma ka yi da hannunka har sai ka iya. Bel yana tsinkewa ne a hanya, galibi nesa da gari, kuma a lokacin da safar hannu za ka canja shi.